Wanda Ya Fasa Gilashin Baya

Talata, 8 ga Afrilu, bayan Magariba

Na dawo daga Kano da ƙarfe biyar da kwata, na tarar an fasa gilashin bayan motata.

Zan fara da abin da na gani, sannan abin da aka gaya mini. Shekara ashirin da shida na yi a ɗakin labarai ina ɗora sababbin ma'aikata a kan wannan tsari, ba zan karya shi ba don yau abin ya faɗo a ƙofar gidana.

Motar tana inda take kwana, gindin darbejiyar ƙofar gida. Gilashin baya babu shi, sai ɓarɓashi da ya maƙale a gefen roba. An share ƙasa tas, an share cikin but. Ba a ɗauki komai ba, har wayar caji tana nan a naɗe. Kujerar mai zaman banza da danshi, tana ƙamshin sabulu da turaren wuta.

Ummu Hani, matata, ta ce ta fito bayan Azahar ta gan shi haka. Ita ta share, ita ta wanke kujerar, wai kunun aya ne ya zube. Tana magana tana kallon tsintsiyar da ke hannunta.

Wata bakwai ke nan da sayen motar. Da lantarki take aiki, sola ta gida ke yi mata caji, kuma ita kaɗai ce irinta a wannan ɓangare na Ƙaraye. Duk Talata nakan bar ta in hau ta haya zuwa shirin da nake yi a rediyo, don ban yarda da wurin caji a hanya ba. Kowa a unguwar nan ya san ba na nan ranar Talata.

Laraba, 9 ga Afrilu, 7:40 na safe

Na rufe wurin da leda da salatef. 'Yan jaje sun fara zuwa tun bayan Asuba. Ashsha, Allah ya kiyaye gaba, Allah ya tona asirin mai yi. Na ƙirga mutum goma sha huɗu.

Salisu bai zo ba.

Salisu bakanike ne, garejinsa yana tsallaken hanya, a filin da ke jikin masallacin unguwa. Aji ɗaya muka yi a firamare. Shekara goma sha huɗu yana gyara mini tsohuwar motata, ranar da na kawo wannan kuwa ya zagaya ta sau biyu ya ce, "Edita, firji ka sayo mai taya? Ran da ta ƙi tashi sai ka kira mai gyaran fanka." Tun daga nan kullum sai ya samu abin faɗa. Mutum irin wannan a ce an fasa firjin bai tsallako ya yi dariya ba?

Daga nesa ya ɗaga mini hannun hagu. Na daman a naɗe yake da tsumma.

Laraba, bayan La'asar

Ummu Hani ba ta ci abinci ba yau ma.

Alhamis, 10 ga Afrilu, 11:00 na safe

Motar tana ajiye lissafin tafiyarta a allon gaba. Ban taɓa damuwa da dubawa ba. Yau na duba. Ranar Talata ta yi kilomita saba'in da ɗaya.

Na tambayi Ummu Hani ko ta fita ranar. Ta ce kasuwa. Daga nan zuwa kasuwa da dawowa bai kai kilomita huɗu ba. Ban ce mata komai ba. Wanda yake ɓoye abu, idan ka nuna masa abin da ka sani da wuri, gyara labarinsa kawai zai yi.

Na kira wani mai saka gilashin mota a Kano, Ɗanmaliki. Ya ce in turo lambar shasi, wato lambar jikin motar, da hoto. Da ya gani sai ya yi tsaki ya ce, "Alhaji, irin wannan ba a tsintar shi a kasuwa. Akwai zaren ɗumama a jikinsa, eriyar rediyo ma a ciki take. Sai an nemo daga Legas. Ka yi addu'a ruwa bai sauka ba kafin nan."

Asabar, 12 ga Afrilu, 9:15 na safe

Turai mai awara, wadda zaurenta ke kallon ƙofarmu ta gefe, ta tsayar da ni.

"Malam Ja'afar, ni fa ba na son shiga abin da ba nawa ba."

Na ce na sani, Turai.

"Amma ranar nan ina suya, wajen ƙarfe biyu, rana ta kori kowa daga titi, sai na ji tas! Na leƙo. Salisu ne tsaye a bayan motarka da ƙarfe a hannu. Na ce Turai, manki yana wuta, koma. Ban sake fitowa ba sai La'asar. Garejin nan kuwa a rufe ya yini, bai dawo ba sai dare. Ka dai san ban ce komai ba."

Na tambaye ta sau uku ta hanya daban-daban. Lokacin bai canja ba, ƙarfen bai canja ba. Na je na tabbatar da rufe garejin daga bakin mutum biyu da suka kawo babura suka koma.

Ba zan tunkare shi ba tukuna. Sai hujja ta gama haɗuwa.

Litinin, 14 ga Afrilu, bayan Azahar

Na kai wa mai unguwa takarda, shafi uku. Babu zagi a ciki, babu zato. Rana, lokaci, shaida ɗaya ta ido, biyu na rufe gareji, raunin hannu, da maganganun da ya riƙa yi a kan motar gaban jama'a.

Mai unguwa ya karanta ya cire tabarau. Ya ce in sani filin garejin na masallaci ne, kwamiti ya ba Salisu aro bisa sharaɗin zaman lafiya da maƙwabta. In abin ya tabbata, tashinsa za a yi, kuma babu wanda zai sake ba shi wuri a cikin gari. Ya tambaye ni ko haka nake so. Na ce ba abin da nake so ake tambaya ba, abin da ya faru ake tambaya. Ya sa zama ranar Lahadi, 27 ga wata, bayan La'asar.

Da na gaya wa Ummu Hani sai ta zauna a kan turmi.

"Abban Murja, don Allah ka je ka karɓo takardar nan."

"Saboda me?"

"Mutumin nan yana da iyali."

"Ya san da iyalin lokacin da ya ɗaga ƙarfe. Ko kin san wani abu ne?"

Ta ce ita dai ta roƙe ni. Ta tashi ta shiga madafa.

Talata, 15 ga Afrilu, 6:30 na yamma

Ban je Kano ba, na ce musu su maimaita tsohon shiri. Ummu Hani ma ba ta fita ba. Wayarta ta yi ƙara sau uku, duk a bayan gida ta amsa, da Fulatanci.

Alhamis, 17 ga Afrilu, 1:00 na rana

Na ga kwanon samira mai murfi ja ya fita daga gidana ya shiga gidan Salisu. Dambu ne da nama. A gidana an yi kwana tara ana cin abinci kamar magani.

Kilomita saba'in da ɗaya. Gareji a rufe har dare. Kujera da aka wanke. Kwano.

Abin da ya zo mini a rai ba zan rubuta shi ba. Shekararmu ashirin da uku da aure. Na rubuta adadin nan, na zauna ina kallonsa.

Juma'a, 18 ga Afrilu, bayan Masallaci

Magana ta zagaya. Ni na gaya wa mutum goma sha ɗaya, sauran aikin gari ya yi. Da can babura da motoci har bakin kwata a garejin Salisu. Yau babur biyu ne da tsohuwar akori-kura da ta shekara a wurin. Na ga Alhaji mai injin niƙa ya zo da igiya ya ja motarsa ba a gama gyara ba.

Salisu yana zaune a kan taya yana wanke sifanu da fetur, ɗaya bayan ɗaya, sifanun da babu abin da suka taɓa.

Bai aiko kowa ya ba ni haƙuri ba. Bai kuma musa wa kowa ba. Mai gaskiya yakan yi ihu.

Litinin, 21 ga Afrilu, 4:50 na yamma

Ɗanmaliki ya zo da gilashi a naɗe da katifa. Gajere ne mai surutu, da biro a bayan kunne. Ya ɗora gilashin a ramin, ya ɗaga, ya sake ɗorawa, ya yi salati.

"Sun turo na ƙanwarta. Kalli, wannan da hudar waifa mai goge ruwa, taka ba ta da ita. Mutanen Legas in ka ce musu akuya sai su turo tunkiya su ce ai duk kuka suke."

Ya ce tunda ya zo bari ya share ramin, kada zuwan ya tashi a banza. Ya cire kan ƙaramin batir tukuna. Ya nuna mini wasu wayoyi masu ruwan lemo a ƙarƙashin but ya ce ko shi ba ya gaisawa da su. Sannan ya ɗauki wuƙa mai lanƙwasa yana yanke tsohon gam, yana tara ɓarɓashin a kwali.

A kusurwar ƙasa ta hagu ya tsaya.

"Alhaji, wa ya fasa maka?"

Na ce ana bincike.

"To ko wane ne, ɗan sana'a ne. Mai ɓarna dutse yake ɗauka ya jefa tsakiya, sau biyu sau uku, ya lotsa maka fenti. Wannan bugu ɗaya ne a kusurwa da abu mai tsini, inda gilashin ba shi da ƙarfi. Sannan duba nan. An bi gefen ƙasa an kakkarye sauran haƙoran, an shimfiɗa wani abu a kai, ga zaren buhu nan ya maƙale. Mai jin haushinka ba zai tsaya yi maka shara ba."

Ya leƙa ciki, ya taɓa maƙallin kujerar baya.

"An kwantar da wannan da ƙarfi, har roba ta tsage. Wani abu aka jawo ta nan aka fitar. Mai nauyi. Me ka ɓatar?"

Na ce babu.

"To Allah ya sa alheri. Ni gilashi na sani."

Zai dawo ranar Asabar da na gaskiyar.

Talata, 22 ga Afrilu, da hantsi

Ban ɓatar da komai ba. Na sake dubawa.

Laraba, 23 ga Afrilu, bayan La'asar

Hadari ya haɗu ta gabas, iska ta yage ledar, ruwan bai sauka ba. Na sake liƙawa.

A wayar da Ummu Hani ta yi ɗazu na tsinci kalma biyu da na sani a Fulatanci: Baffa, da jiki. Baffa shi ne mahaifinta, yana Rogo Ruma da shanunsa. Na ce mata gobe za mu je gaishe shi. Ta ce ai da sauƙi, ba sai mun je ba. Na ce gobe.

Alhamis, 24 ga Afrilu, bayan Magariba

Mun je mun dawo. Zan bi shi daki-daki.

Tun daga bakin shinge na cire takalmi, kamar kullum. Baffa yana kishingiɗe a inuwar rumfa. Na durƙusa daga nesa, kaina a ƙasa, na gaishe shi da gida da dabbobi da zafi. Ya amsa yana kallon garke. Haka muke tun ranar ɗaurin aure: bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa cin abinci a gabana ba, bai taɓa taka cikin gidana ba. Ni ma ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Ba ƙiyayya ba ce. Shi a wurinsa girman suruki ke nan.

Wanda kansa ke ƙasa hannuwa yake gani. A bayan hannun Baffa da damtsensa akwai ƙananan yanka da yawa, sun fara bushewa. Ya ja hannun riga ya rufe.

Da za mu tafi Inna, mahaifiyar Ummu Hani, ta biyo mu da kwalba biyu na man shanu. Ta yi magana da 'yarta amma da Hausa, don in ji in yi godiya.

"Wannan taku. Wannan kuma ta yaron nan mai gyaran mota da ya kawo Baffa gida ran Talatar can. Ki ce rigarsa tana nan an wanke, Allah ya yi masa albarka."

Baffa ya yi tari daga rumfa, tari mai ƙarfi. Inna ta rufe baki da gefen mayafi.

Kafin mu kai Rogo na duba allon. Daga gida zuwa Rogo Ruma kilomita talatin da biyar da rabi ne.

Na tsaya a gindin wata tsamiya na kashe motar. Ban tambaye ta komai ba. Ita ta fara.

Baffa yana da ciwon suga. Wata huɗu ke nan duk Talata ta biyu tana ɗauko shi ta kai shi ganin likita a Ƙaraye ta mayar da shi kafin in dawo. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada in san yana shiga motata. Ranar nan bayan asibiti ta biya gida ɗaukar allurarsa da take ajiyewa a firji. Ta ce ya shigo ya sha ruwa tunda ba na nan. Ya ce ko ba na nan gidana ne. Ta bar masa na'urar sanyin motar a kunne ta shiga, makulli yana jakarta.

Motar nan idan makulli ya yi nisa takan kashe kanta ta kulle ƙofofi. Na sani, don ni na saita ta haka saboda ɓarayi, ban kuma gaya wa kowa ba. Ƙofar ba ta da mariƙi irin wanda Baffa ya sani, maɓalli ne, kuma in an kulle daga waje ba ya amsawa.

A ciki ta tarar da mata biyar sun zo gayyatar suna. Ba ta iya cewa ku tashi mahaifina yana waje, don a nan asirin zai fita. Aka gaisa, aka sha ruwa, aka tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Ta ce minti ashirin. Ina jin ya fi arba'in. Ƙarfe biyun rana, a watan Afrilu.

Baffa bai yi ihu ba. Bai buga gilashi ba. A ƙofar surukinsa yake.

Salisu yana dawowa daga alwala ya hangi tafin hannu ya zame a jikin gilashi. Ya ja ƙofa, a kulle. Ya yi sallama a zaure sau biyu, hayaniyar mata ta danne, shi kuma ba ya shiga gidan wani. Ya koma da gudu ya ɗauko ƙarfe. Bai fasa na gefe ba don fuskar tsohon tana jingine a nan. Ya fasa na baya, ya shiga, ya kwantar da kujera, ya jawo shi. Lokacin da Ummu Hani ta fito ta tarar yana zuba masa ruwan buta a ka.

Da Baffa ya farfaɗo ya ga halin da yake ciki, sai ya riƙe hannun Salisu da nata, ya ce su yi masa alkawari da Allah babu wanda zai ji, musamman mai gidan nan. Salisu ya cire rigarsa ya ba shi, ya saka shi a motar wani da ke gareji ya kai shi gida.

Dalilin ba da rigar ba ta faɗa ba. Ban tambaya ba. Ba zan kuma sake rubuta komai game da kujerar ba.

Ta ce, "Na roƙi Baffa sau biyu a waya ya sake ni daga alkawarin. Ya ce in maganar ta fita ba zai sake shiga mota ba, ba zai sake zuwa asibiti ba. Ka san shi, zai aikata."

Na san shi.

Ta ce, "Abban Murja, ranar kwanon nan, na ga yadda ka kalle ni."

Na kunna motar. Ba ta da ƙara, don haka babu abin da ya rufe shirun har gida.

Juma'a, 25 ga Afrilu, 10:00 na safe

Na je karɓo takardar. Mai unguwa ya ce ta bar hannunsa, kwamitin masallaci ya riga ya zauna a kanta, biyu daga cikinsu ma sun fara maganar wanda za a ba filin. In ina da abin faɗa in faɗa ranar Lahadi gaban kowa, tunda gaban kowa na fara.

In na faɗi dalili, Salisu ya tsira, Baffa ya daina asibiti. In na yi shiru, an tashi Salisu.

Juma'a, bayan La'asar

Na tsaya a bakin hanya da kwalbar man shanun Salisu. Na dawo da ita.

Asabar, 26 ga Afrilu, 2:30 na rana

Ɗanmaliki ya kawo na gaskiyar. Ya goge ramin da wani ruwa mai warin asibiti, ya shafa baƙin magani a gefe, ya jira ya bushe yana ba ni labarin wani direba da ya mayar da gilashi da gam ɗin takalmi. Sannan ya zagaya da sabon gam, layi ɗaya ba yankewa, tsayinsa kamar ɗan yatsa. Ya kama gilashin da robobi masu tsotsa, ni na riƙe gefe ɗaya. Ya ce in mun sauke sau ɗaya ne, babu ɗagawa a gyara. Muka sauke. Ya haɗa wayar ɗumama da ta eriya, ya liƙa salatef daga rufi ya riƙe shi.

"Kwana ɗaya kada a buga ƙofa, kada a wanke, ka ɗan sauke na gefe iska ta riƙa fita. An gano mutumin?"

Na ce an gano.

"Ɓarawo ne?"

Na ce a'a.

Kafin ya tafi na sa ya nuna mini inda ake kashe kullewar nan ta kanta. Na kashe.

Salisu yana kan tayarsa duk lokacin, yana kallon wani wuri.

Lahadi, 27 ga Afrilu, bayan Magariba

An shimfiɗa tabarmi uku a ƙofar mai unguwa. Liman, 'yan kwamiti huɗu, da jama'ar da ba a gayyata ba sun fi talatin. Turai tana daga bayan katanga.

Mai unguwa ya sa aka karanta takardata da ƙarfi. Na saurara ina neman kuskure ɗaya da zan kama in ce ga inda na ɓata. Babu. Rana daidai, lokaci daidai, ƙarfe daidai.

Aka ce, "Salisu, ka ji. Kai ka fasa?"

"Ni na fasa, ranka ya daɗe."

Wuri ya ɗauki guna-guni.

"Dalili?"

"Babu."

"Haka kawai?"

"Haka kawai. A yanke abin da za a yanke."

Na miƙe kafin a ba ni izini. Na ce, "Ranka ya daɗe, Allah gafarta Malam, babu layin da zan goge a takardar nan, amma na rubuta ta ban san abin da ya faru ba. Yanzu na sani. Salisu ya fasa gilashin, kuma taimakon gidana ya yi, irin taimakon da ba ni da abin biyansa. Da ina wurin ni zan miƙa masa ƙarfen. Na janye ƙarata, ina neman gafararsa a gabanku, ina roƙon kada a taɓa filinsa."

Wani ɗan kwamiti ya ce, "Wane irin taimako ne ake yi da fasa gilashi?"

Na ce wannan ba nawa ba ne da zan faɗa.

"To na wa ne? Shafi uku ka rubuto mana, yanzu layi ɗaya ya gagare ka?"

Aka yi dariya. Daga baya na ji wani ya ce ai ranar maigidan ba ya nan, wani ya ce masa shii. Na ji sarai. Na san abin da za a kwana ana faɗa a unguwar nan, da sunan wanda za a sa a ciki, kuma ni na buɗe ƙofar. Ban juya ba.

Liman ya daɗe yana kallon Salisu, sannan ni. Ya ce, "Mai ƙara ya janye, ya ce alheri aka yi masa. Wanda ya rufa wa wani asiri ba a tsare shi a ce sai ya buɗe. Ni ban ga abin zama ba." Mai unguwa ya ce fili yana nan hannun Salisu. Ya ce da ni, nan gaba in na ji hannuna yana ƙaiƙayin rubutu in zo ya ba ni lissafin kuɗin kwata in kwafe. Aka shafa fatiha.

Hanyarmu ɗaya, dole muka jera. Sai da muka wuce masallaci na ce, "Salisu, kwana goma sha tara. An kwashe maka motoci. Me ya hana ka ce mini wani abu?"

Ya tsaya ya gyara tsumman hannunsa.

"Tsohon yana cin abinci?"

Na ce yana ci.

"To madalla." Ya ci gaba da tafiya, sannan ya sake tsayawa. "Ka tambayi Turai. Ka tambayi masu babur. Ka ɗauko mutum tun daga Kano ya duba maka. An ce har motar ka tambaya ta ba ka lissafi. Daga ƙofarka zuwa inda nake zama taku nawa ne, Ja'afar?"

Na kalli hanyar da ke tsakanin ƙofata da garejin.

"Da ka tambaye ni ma ba zan gaya maka ba," in ji shi. "Amma da ka tambaya."

Ya tsallaka ya shiga gareji. Na rubuta sunayen mutum goma sha ɗayan da na gaya wa da bakina. Gobe bayan Asuba zan fara da Alhaji mai injin niƙa, in kuma ya yarda, ni zan riƙe igiyar a jawo motarsa a mayar.